Bencin Masu Gari

Shekarar da aka rufe masaƙa, mijina Ovila ya tashi da wata sabuwar cuta, wai sai mun sayar da gida mun koma Kebek. Komawa fa ya ce, sai ka ce mun taɓa zama a can. Mutumin da aka ɗauko daga ƙauyensu na yankin Beauce, can ta wajen Kebek, yana cikin zanen goyo, aka dire shi a nan Lewiston ta Amurka, nan ya yi rarrafe, nan ya yi furfura. Birnin Kebek kuwa ƙafarsa ba ta taɓa taka shi ba, iyakarsa hoton kalandar da ke rataye a kicin. Amma in ya fara ba ka labarin ganuwar garin da ƙofofinta, sai ka rantse da shi aka kwaɓa ƙasar ginin.

Abin gado ne. Mahaifinsa ya tsallako Amurka ne da niyyar ya yi 'yan shekaru a masaƙa, ya tara abin sayen shanu ya koma. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa baɗi. Sau ɗaya tak tsohon ya taɓa shiga Kebek, yana saurayi, wata ranar Lahadi, ya tarar da babbar majami'ar garin ta cika ta batse har mutane na durƙusawa a kan titi. Wannan Lahadin guda ita ya yi ta ba 'ya'yansa labari, Ovila kuma ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya. Tunda yake a nan jihar Maine ake nuna masa shi baƙo ne. Mu masu Faransanci, kwaɗi masu Turanci suke kiranmu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injin saƙa, yaran da ya koya wa riƙe sifana suka zama shugabanninsa don kawai Turancinsu ya fi nasa santsi. 'Ya'yan da ya haifa da cikinsa, yana yi musu Faransanci suna mayar masa da Turanci. Majami'armu ma ta rage sujadar Faransanci ta koma guda ɗaya, da sassafe, ta tsofaffi. Da aka rufe masaƙa sai ya rasa wurin zuwa, ya zauna a kicin yana kallon kalanda.

"A can," in ji shi, "ko ɗan sanda ne zai kama ka, da harshenmu zai kama ka."

"Lalle ka samu abin alfahari, baban yara."

"Ki yi ta yi. Can mutum ba ya buɗe baki a kalle shi. Can gida ne."

"To nan da ka shekara sittin da wani abu, tasha ce?"

Ni kuwa gidan nan shi ne raina. Ƙaramin gida ne, bene ɗaya, matakalarsa tana kuka. Amma daga tagar kicin ina hango rufin gidan 'yata Colette, jikokina kuma ta bayan gida suke shigowa ba sallama su buɗe firji. Mahaifiyata tana kwance a maƙabartar bakin kogi, ni nake share mata ganye. Ga tumatirina da na shekara da shekaru ina gyara musu ƙasa. Duk wannan Ovila yake so in naɗe in bari. Wani mai gareji ya taya gidan, yana jiran amsa, Ovila kuma ya kafe kai da fata. Mun yi faɗa, mun yi gaba, na yi kuka, ko a jikinsa.

Ana cikin haka Gilberte ta fito da tafiyar tsofaffin majami'a. Gilberte ƙawata ce tun muna 'yan mata a ɗakin saƙa, mace mai baki kamar reza, ita ke shirya mana irin waɗannan tafiye-tafiye. Bana Kebek ta ce, a tashi Juma'a a dawo Lahadi. Ƙarshen kaka ne, 'yan yawon buɗe ido sun ragu, komai ya yi araha. Motar safa guda za ta kwashe mu, a kwana a gidan sistocin majami'a, kowa ya zo da guzurinsa.

Na ce wa Ovila, "Ko akuya ba a saye a duhu. Mu je in ga garin da idona. In muka dawo kana kan bakanka, ranar Litinin in sa hannu."

"Kin yi alkawari, uwar yara?"

"Na yi."

Ya yi murna har ya wanke mini kwanuka. Bai san tarko na ɗana masa ba. 'Yar ƙanwar babata ta je can bara, ta dawo ta ba ni labarin da ban gaya wa kowa ba.

Ranar Juma'a muka cika mota, mu kusan arba'in, babu wanda bai yi furfura ba sai direba. Gilberte ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana maƙala mana kati a ƙirji, da sunan mutum da 'yar tutar Amurka, wai kada wani ya ɓace. Tun ba mu fita gari ba aka fara buɗe guzuri: dafaffen ƙwai, burodi da niƙaƙƙen nama, kofi a filas. Ovila ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, ya zauna a gaba kusa da direba, yana nuna masa hanyar da mutumin yake bi duk mako.

"Ovila," Gilberte ta ɗaga murya daga baya, "in mun isa garinku ka ce wa magajin gari kada ya wahalar da kansa da yanka, mun zo da ƙwanmu."

"Ki jira dai, Gilberte. Za ki ga inda ake mutunta mutum."

Muka ratsa dajin arewa, muka tsallake iyaka, muka bi ta gonakin Beauce. Da yamma muka haye gada, garin ya bayyana a kan dutsensa. Nan gabana ya faɗi. Na zo ne da shirin in raina wurin, sai ga shi ya fi na kalanda. Ganuwar dutse, rufin tagulla da ya koma kore, lunguna masu hawa da gangara, ga kogi shimfiɗe a ƙasa ba ka hango ƙarshensa. Na saci kallon Ovila. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bakinsa yana motsi. Na ce a raina, shi ke nan, tumatir sai wata rana.

Sistocin suka karɓe mu da miyar wake mai zafi, suka raba mu, maza a hawa ɗaya mata a wani. Gilberte ta ce tunda ta yi aure ba ta taɓa samun hutu mai daɗin wannan ba.

Asabar da safe muka fita da ƙafa. Ovila yana gaba, hannu a baya, yana gaida duk wanda ya gamu da shi. Mai keken doki ne ya fara. Yana hango mu ya ɗaga hula, ya yi mana kirari da Turanci, wai mu zo ya zaga da mu. Ovila ya matsa ya amsa masa da Faransanci, ya yaba dokin, ya tambaye shi me yake ba shi. Mutumin ya saurara da fara'a, ya gyaɗa kai, ya mayar masa da Turanci.

"Katin nan ne," in ji Ovila. Ya ɓalle shi ya jefa a aljihu.

"Ɓalle farin takalmin ma," in ji Gilberte. "Da kyamarar da ke wuyan matarka."

Muka shiga shagon tsaraba, haka. Muka je sayen tikitin jirgin fito, don Gilberte ta ce babu inda za ka ga garin da kyau a kuɗi kaɗan kamar daga tsakiyar kogi, nan ma haka. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, abin da ya fi ciwo ke nan. Da zaginsa suka yi, da ya san yadda zai rama, ya saba. Amma murmushi suke yi, suna jin ya buɗe baki sai su juya harshe don su sauƙaƙa wa baƙo.

Da rana muka shiga wani ɗan gidan abinci a gindin dutse, mu uku da Gilberte. Mun yi shawara sau ɗaya dai mu ci abincin saye. Yarinyar da ta zo ɗaukar oda ba ta wuce sa'ar babbar jikata ba, da ɗan kunne har uku a kunne guda. Ovila ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da muke so a tsanake, kalma bayan kalma, kamar mai karatu a majami'a. Ta rubuta, ta tambaye shi da Turanci ko da kofi.

"'Yata," ya ce, "da wane harshe na yi miki magana?"

Ta ɗan ji kunya. Ta koma Faransanci, amma irin na yaran yanzu, da gudu, rabinsa a haɗiye. Ovila kuwa injin masaƙa ya cinye masa kunne ɗaya. Ya karkata kai ya ce, "Na'am?" Ta maimaita. Ya sake cewa, "Na'am?" Sai ta dafa kafaɗarsa, ta faɗa masa da Turanci a hankali, da ƙarfi, yadda ake yi wa ƙaramin yaro.

Da ta kawo abincin ta tsaya ta ce, "Kada ka ji haushi, Baba. Faransancinka yana da daɗi wallahi. A ina ka koya?"

Gilberte, wadda ba ta taɓa barin dama ta wuce ta ba, ta sunkuyar da kai ta kama yankan nama. Ovila ya dubi yarinyar.

"A bakin uwata," ya ce.

Bai ci rabin abincin ba. Ni kuwa na cinye nawa tas, har na sa burodi na suɗe kwano. Abin da 'yar'uwata ta faɗa mini ke nan, ga shi yana faruwa tiryan-tiryan. Zuciyata fari ƙal. Na fara lissafin inda zan matsar da tumatir baɗi.

Kafin rana ta faɗi muka hau dogon dandalin katakon nan da ke kallon kogi. Iska tana busowa da sanyi. Ovila ya jingina da ƙarfen, ya tura hannuwansa cikin aljihu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Nan unguwar 'yan yawo ce, uwar yara. Duk mai shago ya saba da baƙi. Mutanen gari na ainihi gobe za ki gan su, a majami'a."

"Allah ya kai mu."

"Babana ya ce in suka ɗauki waƙa, har a ƙirjinka kake jin ta."

Na dubi ƙeyarsa, inda na yi masa aski ranar Alhamis na bar wani ɗan gashi ban lura ba. Murnata ta ɗan rage, amma ba ta tafi ba.

Lahadi tun da duku-duku Ovila ya hau buga ƙofofi. Sista mai tsaron hawan mata ta tare shi a matakala, ya tsaya daga nan yana kira.

"Ku yi sauri! In muka makara ko wurin tsayuwa ba za mu samu ba!"

"Wani ya toshe bakin mutumin nan," in ji Gilberte, tana neman haƙoranta a kofi.

Amma kowa ya shirya, kuma shiri na gaske. Maza da kwat da laktaye, mata da huluna da safar hannu, irin shigar da muke yi wa Ista. Ko kofi bai bari mun ƙarasa ba. Muka jeru a titi muka haura zuwa babbar majami'ar, muka tarar ko ƙofa ba a buɗe ba. Ovila ya ce kun gani, mun yi dabara. Muka tsaya cikin sanyi har mai gadi ya zo da makullansa, ya dube mu kamar ya ga fatalwa, ya buɗe.

Wurin ya isa a yi shiru. Zinariya ta ko'ina, rufin ya yi nisa har wuya na ciwo, bencina a jere kamar kunyoyin gona. Muka taɓa ruwa mai tsarki, muka durƙusa, sannan muka koma jikin bangon baya muka jeru. Ba wanda ya ce a yi haka, ba sai an ce ba. A wurinmu kowane gida da bencinsa tun zamanin da ake biyan kuɗinsa duk shekara. An daɗe da daina biya, amma har gobe ba mai zama a bencin wani. Namu yana jikin ginshiƙi na hannun dama, kuma ko ba mu zo ba haka zai wuni a buɗe. Baƙo mai tarbiyya yakan tsaya a baya sai masu benci sun zazzauna, sannan ya nemi inda ya rage. Balle mu kusan arba'in, a majami'ar mutane.

Muka tsaya muna jiran masu gari.

Wata tsohuwa ta shigo da sanda ta wuce gaba. Bayanta wasu tsofaffi biyu, miji da mata. Sai wani mutum shi kaɗai da jarida a hammata. Aka kaɗa ƙararrawa, duk muka gyara tsayuwa, muka ƙara matsewa don a samu hanyar wucewa. Ovila yana ta juyawa wajen ƙofa. Wasu samari biyu suka shigo da jakunkuna a baya, suka ɗaga kai, suka ɗauki hoton rufi, suka fita. Ƙafafuna suka fara zogi. Mijin Gilberte mai ciwon gwiwa ya jingina da bango yana nishi, amma bai zauna ba.

"Suna tafe," in ji Ovila ƙasa-ƙasa. "Masu yara ba sa fitowa da wuri."

Aka sake kaɗa ƙararrawa. Duk mutanen da ke zaune a wannan makekiyar majami'a ba su kai cikin benci uku ba, kuma kowa ya ware can shi kaɗai.

Fada, limamin majami'ar, ya fito, tsoho ne mai ɗan doro. Ya hango mu, ya sa hannu a goshi ya ƙara dubawa, ya sauko ya tako har tsakiya. Ya ga katunan da ke ƙirjin mutane. Ya buɗe hannuwa, ya ce mana da Turanci mu matso gaba, mu zauna duk inda muke so, wurin ba na kowa ba ne.

Muka tafi a jere, takalmanmu suna amsa kuwwa. Ko a nan ma sai da muka matsu a 'yan bencina kaɗan, kafaɗa da kafaɗa, muka bar sauran. Ovila ya zauna kusa da ni kamar an sauke buhu. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko ranar da aka rufe masaƙa. Ran nan zagi ya yi ta yi har dare. Yau ko numfashinsa ba na ji. Ya ɗora hula a gwiwa, ya zuba wa bayan benci ido.

Aka fara sujada. Babu ƙungiyar mawaƙa. Wata mata siririya ta tsaya a gefe ta ɗauko waƙar shiga ita kaɗai, ta ɗaga hannu alamar jama'a su amsa. Tsohuwar waƙar Maryamu ce, wadda duk wanda ya tashi a unguwarmu ya iya ta tun kafin ya iya ɗaura takalmi. Ba wanda ya amsa. Masu gari sun saba da shirunsu. Mutanenmu kuwa Ovila suke jira, don tun yana saurayi shi ke jan baƙi a ƙungiyar mawaƙanmu, ba a shiga waƙa sai ya shiga. Matar ta kai ƙarshen baiti, ta sake ɗaga hannu, muryarta tana yawo ita kaɗai a cikin wannan fili. Ovila bai ko ɗago ba.

Na san sarai inda nake. In na kama bakina, gida ya zama nawa. Mutumin nan ya gama karyewa, ko tambayarsa ba sai na yi ba ranar Litinin. Abin da na zo nema ke nan, an miƙo mini a tafin hannu. Amma ban zo don in koma da wannan buhun ba. Mijina na zo da shi, mai surutu, mai taurin kai, mai nuna wa direba hanya. Tausayinsa ya kama ni har ya zama haushi, haushin garin, da na tsohonsa da ya cika masa kai, da na kaina.

Ni ba ni da murya, kowa ya sani. Tun muna sabon aure Ovila ya roƙe ni, in ina son zaman lafiya, in riƙa motsa baki kawai a majami'a. Haka nake yi shekara da shekaru. Da matar ta ɗaga hannu karo na uku, na cika ƙirji na saki abin da Allah ya ba ni.

Kamar an taka agwagwa. Mutumin nan mai jarida har da juyowa. Gilberte ta zungure ni da gwiwar hannu, na ƙi kulawa, na ƙara ƙarfi. Na haura inda ake sauka, na sauka inda ake haurawa. Na ji Ovila ya motsa.

"Uwar yara," ya ce ta gefen baki, "me kike yi haka?"

Na ci gaba.

"Ba haka take ba. Kin yi sama da yawa. Ki yi wa Allah ki sauko."

Na ƙara yin sama. Ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori. Sai ya miƙe tsaye, ya buɗe baki don ya nuna mini yadda ake yi, muryar nan tasa mai kauri ta fito ta danne tawa. Kafin ya kai ƙarshen layi Gilberte ta shiga, mijinta ya shiga, matan ɗakin saƙa suka ɗauka, mazan ɗakin rini suka tallafe daga ƙasa. Mutanen da suka shekara suna magana a kan ƙarar injin ba sa sanin ƙaramar murya. Waƙar ta tashi ta bugi rufin ta dawo. Na ji ta a ƙirjina. Na yi shiru na koma motsa baki.

Matar da ke jan waƙar ta sauke hannunta ta tsaya tana kallonmu. Fada ya cire tabarau. Aka gama baitocin da ke takarda, mutanenmu suka zarce da waɗanda ba a buga ba. Haka muka riƙe sujadar nan har ƙarshe, duk inda ake amsawa muka amsa.

A bakin ƙofa tsohuwar nan mai sanda ta tare Ovila. Ta girme shi nesa ba kusa ba. Ta kama hannunsa da nata biyu, sandar tana rataye a gwiwar hannu, ta yi masa Faransanci, irin namu sak, mai faɗi, ba gaggawa.

"Ɗana, rabona da jin baitin nan na ƙarshe tun ranar da aka binne mahaifiyata. Kai ɗan Beauce ne, ko?"

Ovila ya ce, "Yaya aka yi kika sani, Madam?"

"Haba! Ai a bakinka yake. Ko cikin duhu na ji ka na san ɗan ina ne."

Ta tambaye shi sunan gidansu, ya faɗa, ta ce ta taɓa sanin wasu masu wannan suna da ke kawo itace. Suka tsaya suna jan zare, ko sau ɗaya bai ce "Na'am?" ba. Fada ma ya fito, yanzu da Faransanci, ya girgiza masa hannu, ya ce da za su samu mutum irinsa ya riƙe musu waƙa duk mako da sun gode Allah. Ovila baki har kunne, kunnuwansa sun yi ja. Ni ina gefe riƙe da jaka. Da hannuna na yi wa kaina.

Gilberte ta matso ta raɗa mini, "Ke dai Laurette, ba ki da wayo ko na sisin kwabo."

"Na sani."

Bayan azahar muka kwashi kaya muka hau mota. Wannan karon Ovila bai zauna a gaba ba, ya biyo ni tsakiya ya karɓi wajen taga. Muka haye gada, garin ya koma baya. Aka ɗan yi hira, aka cinye sauran ƙwai, sannan mota ta yi tsit. Ni dai so nake a yi ta ta ƙare. Muna cikin gonakin Beauce na ce, "Gobe sai ka kira mai garejin. Na yi alkawari, zan sa hannu."

Can ya ce, "Juya ki duba bayanki."

Na juya. Gilberte ta cire takalma ta miƙe ƙafa a hanya, hularta ta rufe mata ido ɗaya. Mijinta ya saki baki yana minshari. Duk inda ka duba furfura ce ta langaɓe a kan kafaɗar wata furfurar, ga ɓawon ƙwai a ƙasa.

"Me zan gani? Tsofaffi ne suna barci."

"Su wa suka yi waƙa yau?"

"Mu."

"To. Duk bakin da ya buɗe a majami'ar nan yana cikin motar nan, kuma Lewiston za a sauke shi. In na zauna can, Lahadi mai zuwa daga ni sai tsohuwa mai sanda." Ya ja numfashi. "Ki bar mai gareji ya nemi wani gidan."

Na zaci in na ji wannan magana zan yi guɗa. Guɗar ba ta zo ba. Ya juya wajen taga. Gonaki suna wucewa, an gama girbi, nan da can hasumiyar majami'ar ƙauye. Na ga kafaɗarsa tana rawa.

"Na so in tarar da ita a cike, Laurette," ya ce. "Ko sau ɗaya."

Ya fi shekara talatin bai kira sunana ba. Na zare safar hannuna, na kama hannunsa, na riƙe har muka iso iyaka.